Ku Tambayi Anti Nas: Wace makarantar jinya zan shiga, kuma ta ina ake fara aikin?

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka taru min kusan duk hanya ɗaya suka bi, ga masu neman shiga makarantar nas ga kuma waɗanda suka fara aikin taimaka wa nas-nas a asibiti, shi yasa na haɗa su wuri ɗaya. Kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Na gama sakandare kuma sakamakona yayi kyau alhamdulillah, tun ina ƙarama aikin nas nake so. Yanzu makarantu biyu ne a gabana, ɗaya sunce shekara ɗaya da rabi an gama ba wata jarabawar shiga kawai ka sayi fom ka biya ka fara, ɗayar kuma shekara uku ce ga jarabawa ga intabiyu kuma ba tabbas zan samu. A gida cewa ake in shiga mai saurin in gama in fara aiki in taimaka musu, ni kuma wallahi hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gara da hankalinki bai kwanta ba. Kafin a zo maganar sauri ko jinkiri akwai abin da nake so kiyi tun yau, ki nemi hukumar da ke ba nas-nas lasisi a ƙasarki ki duba ko sunan makarantun nan biyu yana cikin jerin waɗanda ta amince dasu. Kusan kowace ƙasa tana da irin wannan hukumar, a Najeriya da Gana da Ingila majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ce, a Amurka kuma kowace jiha da tata. Makaranta satifiket kawai take bayarwa, lasisin aiki yana hannun hukuma, kuma hukuma ba zata barki ki zauna jarabawarta ba in makarantar da kika fito bata da rajista a wajenta, ko da kuwa kece ta ɗaya a ajinku. Abin da yafi ci min rai a wannan harkar kenan, yarinya ta kwashe shekaru tana karatu iyaye sun matse sun biya, sai ranar da taje neman aiki a tambayeta lambar lasisi tayi tsuru-tsuru.

Kuma kar ki tsaya ga takardar da suka manna a bangon ofis, kar ki yarda da "ai muna kan hanya an kusa bamu izini". Da idonki zaki duba a shafin hukumar na intanet, in babu a can ki kira ko kije ofishinsu. Ki lura da wani abu ma, makaranta tana iya samun izinin koyar da wani kwas na lafiya daban amma ba na jinya ba, sai su riƙa nuna wancan izinin kamar ya rufe komai. Sannan wasu hukumomin suna ƙayyade yawan ɗaliban da makaranta zata ɗauka a shekara, in suka ɗibi fiye da haka ragowar zama kawai suke ba a yi musu rajista ba. Don haka ki tambaya kai tsaye: yaushe ake yi wa ɗalibai rajista da hukuma, kuma wace shaida zan gani cewa sunana ya shiga?

Maganar shekara ɗaya da rabi kuwa, cikakkiyar nas mai rajista a yawancin ƙasashe shekara uku take yi, digiri huɗu ko biyar, akwai inda ake yin biyu amma ga wadda ta fito daga sakandare kai tsaye ƙasa da haka abin tuhuma ne. Yana yiwuwa kwas ɗin nasu na mataimaka ne ko wani mataki na ƙasa, wannan ba laifi bane in sun faɗi gaskiyarsa, laifin shine a sayar miki da shi da sunan nas. Ki ce su gaya miki ainihin abin da za a rubuta a satifiket ɗin da sunan jarabawar hukumar da zaki zauna bayan kin gama. In suka fara kame-kame kin samu amsarki.

To in duka biyun suna da rajista fa? Sai ki koma kan asibiti. Jinya a gefen gado ake koyonta, tun makarantar da Florence Nightingale, fitacciyar nas ta Ingila, ta buɗe a 1860 a cikin asibitin St Thomas na Landan take, ɗalibai suna wod, wato ɗakin kwanciya na asibiti, tare da marasa lafiya, kuma har yau a Ingila sai ɗalibi ya cika awa 2,300 na koyon aiki a aikace, wato rabin karatun gaba ɗaya, kafin a yi masa rajista. Saboda haka ki tambaya wane asibiti suke tura ɗalibai, nasu ne ko na haɗin gwiwa, gado nawa ne a ciki, akwai ɓangaren yara da na haihuwa da tiyata da na gaggawa da na masu taɓin hankali ko kuwa ɗaki biyu ne da kantin magani. Waye yake bin ɗalibai wod yana duba hannunsu? Don akwai inda ake zuba ɗalibai talatin a ɗaki ɗaya ba mai kula dasu, suyi ta tsayuwa jikin bango har lokacin tashi a sa musu hannu a littafi. Ki roƙa a nuna miki ɗakin gwaji inda ake koyo a jikin mutum-mutumin roba kafin a taɓa mutum, ki ga ko kayan suna aiki ko ƙura ce ta rufe su.

Wanda zai gaya miki gaskiyar da babu a takardar talla shine ɗalibin shekarar ƙarshe. Ki samu biyu ko uku a waje ba a gaban malamai ba, ki tambaye su ko malamai suna shiga aji, mutum nawa suka fara mutum nawa suka rage, cikin waɗanda suka zauna jarabawar hukuma bara nawa suka ci a zaman farko, da kuma kuɗaɗen da ake ta ɓullo dasu a tsakiyar zango waɗanda ba a faɗa ba tun farko, na yunifom da na firaktikal da na jarabawa. Makarantar kirki bata jin haushin waɗannan tambayoyin.

Su kuma na gida kar kiyi musu gardama, buƙata ce tasa suke son ki gama da wuri kuma suna da gaskiyarsu. Ki buɗe musu jerin hukumar a waya su gani da idonsu, wannan yafi dogon bayani. In kuma baki samu mai shekara ukun ba a bana, ki nemi horon mataimakiya na gaskiya ki fara aiki dashi kina sake neman gurbi, ga tambaya ta gaba ma a kansa take.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Na gama ɗan horo na mataimakiyar nas kuma an ɗaukeni aiki a wani asibiti, sati mai zuwa zan fara a wod ɗin manya. Gaskiya tsoro nake ji sosai, ban taɓa yiwa babban mutum wanka ba sai a roba, kuma ƙawayena suna cewa ai aikin kwasar kashi ne kawai. Me zan tarar kuma me zan fi kula dashi?

AMSA: Ɗiyata barka da samun aiki, Allah ya sa albarka. Ba zan ɓoye miki ba, eh akwai fo, akwai canza zanin gado da ya ɓaci, akwai amai da wari, kuma kwanakin farko zaki koma gida ƙafafunki suna zugi. Amma ƙawayen naki rabin labarin suka sani. Likita yana zuwa zagaye ya wuce, nas tana da marasa lafiya da yawa ga magunguna ga rubutu, wadda tafi kowa daɗewa a gefen gadon kece, don haka sau da yawa ke zaki fara ganin cewa wani abu ya canza. Dattijon da jiya yake ta hira yau yayi shiru yana ruɗewa, matar da aka sa wa robar fitsari kika ga fitsarin cikin ledarta ya ragu ko yayi duhu, wanda numfashinsa ya ƙaru. Ganin wannan da kai rahotonsa da wuri yana ceton rai, kuma ba a wajen kowa ake samunsa ba sai mai lura.

Don haka ki haddace ma'aunan babban mutum mai lafiya tun kafin ranar: bugun zuciya 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20, zafin jiki wajen digiri 37, in ya kai 38 zazzaɓi ne, iskar oksijin a jini 95 zuwa sama ga yawancin mutane. Numfashi nake so ki riƙe da kyau domin shi aka fi yi wa ha'inci, mutum ya duba agogo da wasa ya rubuta 18 ko 20 ga kowa, alhali sau tari shine yake fara nuna cewa jiki yana lalacewa tun kafin hawan jini ya motsa. Ki ƙirga na minti guda cur. Abin da kika auna shi zaki rubuta, wanda baki auna ba ki bar gurbinsa ki faɗa, kuma in lamba ta fita daga ƙa'ida kar ki rubuta kawai ki wuce, ki je ki gaya wa nas da baki a take.

Wanka kuwa, ki tuna wannan mutumin da ƙafarsa yake shiga banɗaki shekara da shekaru, yau ga shi sai an ɗaga shi, kunyar da yake ji tafi taki. Kiyi gaisuwa, ki faɗi sunanki da abin da zakiyi, ki nemi izini, ki ja labule, ki buɗe inda zaki wanke kawai sauran jiki a rufe. Abin da zai iya yi da kansa ki barshi yayi ko da zai ɗauki lokaci. Kar ki yamutsa fuska, kar kiyi hira da abokiyar aiki ta saman kansa kamar baya wurin, ko wanda bai san inda kansa yake ba ki riƙa yi masa magana. Lokacin wankan ne kuma zaki duba fata, musamman ƙasan baya da kwatangwalo da dunduniya, nan gyambon kwanciya yake farawa, wuri ne zaiyi ja ko ya canza launi, a baƙar fata ma ba lallai kiga ja ba sai dai wurin yayi duhu ko zafi ko tauri. Shi yasa ake juya wanda baya iya motsi, yawanci duk bayan awa biyu ko yadda aka tsara masa. Gyambon nan in ya buɗe watanni ake fama, hana shi kuwa yana hannunki.

Wajen ba da abinci ki tayar da mutum zaune sosai, kaɗan-kaɗan, ki jira ya haɗiye, musamman mai shanyewar ɓarin jiki don saurin ƙwarewa suke abin ya tafi huhu. In kika ga yana tari ko muryarsa ta canza bayan haɗiya ki dakata ki kira nas. Kuma kullum ki tabbatar ba a hana shi ci ba saboda tiyata ko gwaji kafin ki ba shi ko da ruwa ne.

Sai kanki. Wanke hannu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware lokuta biyar: kafin taɓa mara lafiya, kafin aikin da ke buƙatar tsabta sosai, bayan haɗuwa da jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa mara lafiya, da bayan taɓa kayan da ke kewaye dashi. Da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, da man goge hannu 20 zuwa 30, kuma safar hannu bata ɗauke miki wankin. Kiyi rigakafin ciwon hanta nau'in B in baki yi ba, allura uku ce cikin wata shida. In allurar da aka yi wa wani ta soke ki, wanke wurin da ruwa da sabulu ki kai rahoto a lokacin, kar kunya ko tsoron faɗa su sa ki ɓoye, maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi kuma gwargwadon saurinki gwargwadon amfaninsa. Bayanki ma ki tausaya masa, kar ki ɗaga babban mutum ke kaɗai don a ce kina da ƙoƙari, ki ɗaga gadon daidai ƙugunki in yana ɗaguwa, ki lanƙwasa gwiwa, ki kira wani ya kama miki. Takalmi mai rufi mara santsi, da ɗan littafi da biro a aljihu. Abin da kika gani ko kika ji a wod kuma a wod yake zama, ba hoto ba labari, ko a gida.

Tsoron zai ragu da kansa cikin makonni. Ki samu wata tsohuwar hannu mai haƙuri ki manne mata, kuma duk abin da ba a taɓa nuna miki ba kice "ban iya ba, a nuna min".

TAMBAYA: Anti ni mataimakiya ce wata na huɗu kenan. Ranar nan a dutin dare aiki yayi yawa sai nas ɗin da nake tare da ita ta miƙo min sirinji tace inje inyi wa wani allura ta jijiya tunda ina ganin yadda ake yi. Naƙi, tun daga ranar take ɗaure min fuska. Nayi laifi ne?

AMSA: Baki yi laifi ba ƙanwata, daidai kika yi kuma naji daɗi da kika iya tsayawa. Soka allura shine mafi sauƙi a cikin lamarin, abin da ake shekaru ana koyo shine sanin maganin, adadinsa, saurin da ake tura shi, wanda bai kamata a ba shi ba, da abin da za a yi cikin minti ɗaya in jikinsa ya ƙi karɓa. Ga shi ma ba ke kika zuƙo maganin ba, baki san me ke cikin sirinjin ba sai abin da aka gaya miki, kuma maganin da ya shiga jijiya ba a dawo dashi. Da wani abu ya faru mara lafiya ne zai fara cutuwa, sannan ke da ita duka ku amsa tambaya.

Iyakar aikin mataimaki tana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa har ma daga asibiti zuwa asibiti, tsawon horon ma haka, a Amurka misali dokar tarayya ta 1987 ce ta kawo ƙa'idar horon mataimaka a gidajen kula da tsofaffi da marasa lafiya, mafi ƙaranci awa 75, jihohi da yawa sun ƙara a kai. Kin ga awa 75 ina zata kama ƙafar shekara uku. Ki nemi takardar da ta zayyana aikinki a rubuce ki karanta ki ajiye kwafi. Ita kuma nas ɗin, na san halin da ake shiga in mutum ɗaya yana riƙe da wod cikin dare, ba mugunta ce tasa ta ba gajiya ce, amma gajiya bata halatta wannan. Ki same ta ku biyu cikin ladabi kice Sista ba raini bane, tsoron cutar da mutum nake, duk wani aikin da ke cikin hurumina ki ɗora min in rage miki. In abin ya ci gaba ko ana matsa miki, ki kai maganar ga incaj, wato shugabar nas-nas ta wod ɗin.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne kuma ina son aikin nas amma abokai suna min dariya wai aikin mata ne.

AMSA: Ƙanena je ka sayi fom ɗinka. Gaskiya ne mata sun fi yawa, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna kusan tara cikin goma na nas-nas a duniya mata ne, amma shi wannan rahoton ya ce duniya tana da giɓin nas miliyan 5.9, wa zai cike in maza sun noƙe? Kuma akwai maza marasa lafiya da yawa da suka fi sakewa in namiji ne zai musu wanka ko ya sa musu robar fitsari. Abin da zan ja kunnenka a kai kawai, wajen kula da mace ka nemi izininta, ka samu abokiyar aiki ta tsaya tare da kai, in tace mace take so kar ka ji haushi haƙƙinta ne.

TAMBAYA: Salam Anti. Shekara biyu ina aikin mataimakiya yanzu na samu admishan a makarantar nas. Ina da yara biyu kuma da albashin nan nake riƙe gida, zan iya haɗa aikin da karatun? Kuma shin za a rage min wani abu a karatun tunda na riga na iya aiki?

AMSA: Masha Allah, ina taya ki murna 'yar'uwa. Bari in fara da ta biyun. Yawanci ba a rage wa mataimakiya shekarun karatu, wasu wuraren suna da tsarin da ke duba aikin da mutum yayi a baya amma wannan sai kin tambayi makarantar da hukumar, kuma a baki amsa a rubuce. Ribar da kike da ita a wod zata fito, ranar da 'yan ajinku suke rawar hannu wajen gyaran gado da auna hawan jini ke kin wuce nan, kin san yadda ake yi wa mai jin ciwo magana, kin san dare. Sai dai kiyi hattara da "ai na sani", don wasu abubuwan da hannunki ya saba dasu gajeriyar hanya ce ta wurin aiki, a jarabawar firaktikal kuwa mataki-mataki ake bi ana ba da maki, sai ki zubar da wasu ki sake koyo yadda littafi ya ce.

Inda zaki sha wuya shekarar farko ce, ilimin sassan jiki da yadda gaɓoɓi ke aiki, ilimin ƙwayoyin cuta, daga baya ilimin magunguna da lissafinsu. Nan ake yawan zubar da ɗalibai, kuma wanda ya daɗe da barin aji yafi jin jiki. Tun yanzu kafin a fara ki ɗauko lissafin ɗigo da kaso da sauya giram zuwa miligiram ki riƙa yi kullum ko na minti ashirin ne.

Haɗa cikakken aiki da karatun nas gaskiya ban ba ki shawara ba, musamman in aka fara fita asibiti, don lokacin ke ma shif zaki riƙa yi safe da yamma har dare kuma ba a yafe awannin, wanda aka rasa sai an rama. Ki tashi daga dutin dare ki wuce aji ki dawo ga yara, wata biyu zaki yi jiki ya ƙi, kuma mai barci a ido bai kamata ya tsaya kan mara lafiya ba. Wasu makarantun ma sun hana aiki gaba ɗaya, ki duba dokarsu. Abin da nake ganin zai yiwu shine kije wajen shugabar ma'aikatan jinya ta asibitinku da takardar admishan ɗin a hannu tun yanzu, ki tambaya ko akwai hutun karatu, ko a mayar dake aikin ƙarshen mako da lokacin hutun zango, wasu asibitocin har ɗaukar nauyi suke bisa sharaɗin ki dawo ki musu aiki na wasu shekaru, in an baki irin wannan ki karanta sharaɗin da kyau kafin ki sa hannu, shekara nawa ne kuma me zai biyo baya in baki cika ba. Maganar yara kuma ki zauna da maigida da duk wanda zai kama miki ku tsara wa zai riƙe su ranakun da kike dare, da mutum na biyu in na farkon ya samu uzuri, a gama wannan kafin ranar rajista. Ki sake rubuto min bayan zangon farko inji yadda ake ciki.